Ranar da karambani ya kai ni ya baro a Taipei

Jama'a ni dai ban san me ya kai ni ba. Abokin karatuna ɗan Taiwan ne ya ja ni Longshan, tsohon ɗakin bautarsu da ke unguwar Wanhua, tun 1738 aka gina shi. Na ce masa ni fa kallo kawai zan yi, ya ce ba komai.

Muna zuwa ya tsaya amsa waya, ni kuma sarkin zumuɗi na tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar zan shiga masallaci, ina shiga na ga kowa da takalminsa har masu ƙwas-ƙwas, ni kaɗai ne da safa, safar ma da huji a babban yatsa. Kuma ashe ta ƙofar fita na kutsa, wadda suke kira ƙofar damisa, shi ya sa nake ta cin karo da mutane. Ta dama ake shiga, ta tsakiya kuwa ta allolinsu ce.

Duk wannan mai sauƙi ne. Can ciki na hango wata tsohuwa, wasu katakai biyu jajaye kamar ɓarin goro sun faɗo daga hannunta. Tarbiyyar gida ta motsa, na ruga na tsince na miƙa mata da hannu biyu har da rusunawa. Ta kalle ni, ta karɓa, ta yi 'yan ƙus-ƙus, suka sake faɗuwa. Na ce Allah sarki tsufa, hannu ba ƙwari. Na sake tsincewa. A karo na uku ma tun suna gangarawa na tare ɗaya da ƙafa.

Sai ga abokina a guje yana ta ba ta haƙuri. Wai da gangan take zubarwa, allolinsu take yi wa tambaya. In ɗaya ya kife ɗaya ya kalli sama an ce eh, in duka suka kife an ce a'a, ni kuma sau uku ina kwashe amsar kafin ta gani. Kuma gaban Yue Lao muke, ɗaya daga allolinsu, mai siffar tsoho, da suke roƙo kan aure, miji take tambayar wa jikarta!

Tsohuwa ta ƙare min kallo tun daga kai har hujin safa, ta faɗi wata magana, mutanen wurin suka kwashe da dariya. Har muka je na ɗauko takalmina ina roƙon abokina ya fassara min, ya ce sai dai in na saya masa shayi.