A zanen coci na tsohuwar Turai, ku duba wanda ya biya kuɗin

Ina ganin kuskure ne yadda ake koyar da zane-zanen cocin Turai na ƙarni na 15 kamar haddar ƙamus: fure kaza na nufin tsarki, shuɗi na nufin Nana Maryam, shi ke nan. Alamomin suna nan, ban musa ba. Amma mai son fahimta ya fara da tambaya uku: wa ya fi girman jiki a zanen, wa ke gefen dama, kuma fentin nawa ya ci?

Ku ɗauki zanen da Hugo van der Goes ya yi wa Tommaso Portinari, wakilin bankin dangin Medici a birnin Bruges da ke Beljiyam ta yau. Zanen na haihuwar Yesu ne, ya kuma isa birnin Florence na Italiya a 1483. Portinari da 'ya'yansa maza suna durƙushe a ɓangaren da ke dama da Nana Maryam, gefen daraja ke nan, matarsa da 'yarsa a hagu. Waliyyan da ke tsaye bayansu sun ninka su girma. Makiyaya kuwa, masu kaushin hannu da giɓi a haƙora, su aka kai tsakiya kusa da jaririn. Attajirin ya ƙanƙantar da kansa, amma ya sa fuskarsa a gaban masu ibada.

Jan van Eyck ya zana Nicolas Rolin, wazirin daular Burgundy, wajen 1435, girmansa ɗaya da Nana Maryam, babu waliyyi a tsakani. Da aka haska ƙarƙashin fentin da na'ura, sai ga jakar kuɗi a ƙugunsa, an zana ta an kuma shafe. A nan kuwa jan mayafi Maryam ta yafa, don haka masu haddar shuɗi sun faɗi.

Shi shuɗin ma maganar kuɗi ce. Mafi tsadarsa daga dutsen lazuli na Badakhshan a Afganistan ake samu. Cennino Cennini, wani mai zane ɗan Italiya, ya bayyana haɗin: kowace laba ta niƙaƙƙen dutse a zuba mata oza 6 na ƙaron itacen fayin, oza 3 na ƙaron mastik, oza 3 na kakin zuma, a bar shi kwana uku, sannan a murza cikin ruwan toka. Tatsar farko ce mai kyau, ta ƙarshe toka-toka take fitowa. Wanda aljihunsa bai kai ba sai ya koma azurait, wani dutse mai shuɗi mai araha, shi kuma yakan dushe ko ya rikiɗe kore da daɗewa. Shi ya sa in kun ga riga mai duhun kore a tsohon zane, kada ku yi saurin nema mata ma'anar addini, wataƙila shuɗi ce mai araha da ta tsufa.