Buhun shinkafa ba ya shigar da maraya ɗakin jarrabawa

Tun da aka fara rajistar jarrabawar kammala firamare (CEP) ta bana nake jin wata magana a majalisun Marwa da ke ƙona min rai. Wai ɗaliban jami'ar da ke bin unguwanni da yamma suna koya wa marayu karatu shiga sharo ba shanu suke yi, su je su ji da nasu karatun, wannan aikin gwamnati ne.

Tun shekarar 2000 aka ce firamare kyauta ce a Kamaru, amma kowane uba ya san kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (APEE) ba ya yafuwa, da shi ake biyan malaman da iyaye suka ɗauka. To wanda ba shi da uban fa? Ga kuma babban ramin, takardar haihuwa. Yaro ya sha wahalar shekara shida, ya kai ajin ƙarshe na firamare, wato CM2, a ce masa in babu takarda babu jarrabawa. Wanda aka gudo da shi a goye daga ƙauyukan Kolofata saboda Boko Haram, yaushe uwarsa ta samu sukunin zuwa ofishin magajin gari? In kuwa wa'adin rajistar haihuwa ya wuce, sai kotu.

A unguwar Domayo na ga wata ɗaliba a zaure bayan la'asar, allo jingine da bango. Da ta sallami yara sai ta buɗe wani tsohon littafi tana rubuta sunan duk wanda ba shi da takarda, da wanda zai tsaya masa shaida. Wata tsohuwa mai riƙon jikoki ta ce, "'Yar nan, ni ko hanyar kotun ban sani ba." Ta ce, "Kaka, ranar Litinin zan zo mu tafi tare."

Masu sukar nan su ne dai za ka gani da azumi sun jera marayu a rana, kowa da buhu a gabansa, ana ɗaukar hoton Facebook. Allah ya ba da lada, ban hana ba, amma shinkafar kan ƙare kafin salla.

Wasu kuma wai ɗalibai ba su iya koyarwa ba, sai ka ce ba da makarantar horar da malamai Jami'ar Marwa ta fara a 2008 ba.

Mai hali ya ɗauki kuɗin kotun yaro biyar. Magadan gari kuma su riƙa kawo alƙalai zama cikin unguwa kafin a rufe rajista, sunayen na nan a littafin yarinyar can.