Sankarar bakin mahaifa: Su wa suka cinye watannin da mace ta makara?

Duk likitan mata da ka zauna da shi a manyan asibitocinmu, in hira ta biyo ta kan sankarar bakin mahaifa, maganarsa ɗaya ce: matan nan ba sa zuwa sai abu ya lalace. Gaskiya ya faɗa. Amma maganar ta daɗe tana yi mini zafi, domin yadda ake furta ta, sai ka ɗauka mace ce ta naɗe hannu tana kallon ajali yana tahowa. Ni a ganina, in aka bi sawun watannin da suka salwanta tsakanin ranar da ta fara ganin jini da ranar da aka fara yi mata magani, 'yan kaɗan ne nata. Sauran wasu ne suka cinye mata su.

Dalilin da ya sa nake ƙirga watanni shi ne, a wannan cuta babu abin da ya kai lokaci tasiri a kan rayuwa ko mutuwa. Likitoci sun kasa ta mataki huɗu. A na farko tana bakin mahaifa kawai, ana iya cire ta da tiyata. A na huɗu ta ci mafitsara ko dubura, ko ta yi nisa har huhu da ƙashi. Ko a Amurka, inda kayan aiki ba su yanke ba, macen da aka gano tata tun ba ta bar inda ta tsiro ba, kusan 90 cikin 100 suna raye bayan shekara biyar. In ta shiga maƙwabtan sassa, sai adadin ya sauko wajen 60. In ta yi nisa, kimanin 20 ne. Cuta ɗaya, magani ɗaya, bambancin kawai ranar da aka kama ta.

Abin takaicin kuma, ba cuta ce mai gaggawa ba. Wata ƙwayar cuta mai suna HPV ce ke haddasa ta, kuma nau'i biyu kacal, na 16 da na 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Daga shigar ƙwayar jiki zuwa ta rikiɗe ta zama daji, akan ɗauki shekara 15 zuwa 20. A cikin wannan lokaci, ma'aikaciyar jinya da aka koya wa aikin za ta iya shafa ruwan khal a bakin mahaifa, ta ga inda ya yi fari, ta ƙone wurin da 'yar na'ura a zama ɗaya, mace ta ɗaura zanenta ta koma gida. Duk da haka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata kusan 350,000 cutar ta kashe, kuma kashi 94 cikin ɗari nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi suke. A Najeriya, ƙiyasin 2020 ya nuna mata 12,000 sun kamu, 8,000 sun rasu. Wato a duk uku da suka kamu, ana binne biyu.

To bari mu bi sawun watannin.

Na farko a cikin gida suke ɓacewa. Alamun farko su ne jini bayan kwanciyar aure, jini tsakanin al'ada da al'ada, ruwa mai wari, ko jinin da ya dawo wa macen da ta daɗe da daina haila. Kowace daga cikin waɗannan muna da sunan da muka riga muka raɗa mata, kuma sunan ne ke kwantar da hankali. Ruwa da wari, sanyi ne. Jinin da ya ƙi tsayawa, istihala ce. Macen kirki in ta ga jinin da ba na al'ada ba, tambayarta ta farko ita ce yaya sallarta, yaya azuminta. Za ta aika wa malam, malam zai ba ta amsa daidai da fiƙihu: jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibada. Bai yi kuskure ba. Sai dai shi kansa ya kira shi jinin ciwo, kuma ciwo asibiti ake kai shi. Na sha tunanin rayuka nawa za a tsira da su da malamanmu da malaman Islamiyyar matan aure za su riƙa ƙara jimla ɗaya a ƙarshen wannan fatawa: sannan ki je a duba ki.

Sai maigida. Shi ne mutum na biyu da ya san da jinin nan, wani lokaci ma ya riga ta gani. Shi ke da izinin fita, shi ke da kuɗin mota. In ya ce a bari a ga kwana biyu, an bari. In ya ce likita namiji ba zai duba masa iyali ba, magana ta ƙare. Akwai kuma wani abin da ya fi wannan muni. Tun da aka fara wayar da kai cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, wasu suka mayar da cutar tambarin lalata, har mace ta gwammace ta ɓoye da kishiya ta ji. Alhali yawancin masu aure, maza da mata, sukan haɗu da HPV a wani lokaci na rayuwarsu, jiki ya kawar da ita ba tare da sun sani ba. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samunta daga gare shi, shi kuma ba ya jin ko ciwon kai. A ƙasar da aure-saki ya yi yawa kamar tamu, wannan magana ce da ya kamata maza su ji da kunnen basira.

In ta samu ta fita, inda ta fara zuwa shi ne kemis ko ƙaramin asibitin unguwa. A nan ne nake ganin an fi zaluntarta, domin ta yi abin da ake ta ce mata ta yi. Ta kai kanta. Sai a saurari bayaninta daga bayan teburi, a rubuta maganin sanyi da allurai, ba wanda ya kwantar da ita ya duba da ido. Jini ya lafa, ya dawo, a canza magani. Haka za a yi ta yi wata shida, wata tara. Ranar da ta isa hannun likitan mata, a yanki ɗan nama a aika gwaji, a ce ta dawo bayan makonni. Sai a rubuta a katinta cewa ta zo a makare.

Da an ambaci sunan cutar kuma, sai dangi su taru da tsohuwar maganar nan: daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. A ɗauke ta a tafi wurin mai magani. Ban cika zafafa wa masu wannan imani ba, domin abin da idonsu ya gani suke faɗa. Sun ga an kai mata asibiti an dawo da gawa. Abin da ba su gani ba shi ne a wane mataki aka kai su.

Yanzu mu ce ta tsallake duk wannan, ta isa babban asibiti. Cutar da ta wuce tiyata maganinta gashi ne, wato ƙona dajin da hasken na'ura, na waje da na ciki, haɗe da maganin da ake ƙarawa ta jijiya mako-mako. Ƙa'idar ita ce a kammala komai cikin mako takwas. Duk kwanan da aka ƙara a kan haka, damar warkewa raguwa take yi, saboda dajin yana sake tsirowa a tsakanin hutun. Yanzu a auna wannan ƙa'ida da halin da muke ciki. Wuraren gashi a Arewa ana ƙirga su da yatsu: Zariya, Sakkwato, Gombe, Maiduguri, Abuja, sai Katsina da ta samu cibiya a 2025. Jamhuriyar Nijar sai a 2021 ta buɗe nata na farko a Yamai. Mace daga ƙauyen Jigawa ko Yobe sai ta bar 'ya'yanta, ta samu mai jinya, ta samu wurin kwana na kusan wata biyu a garin da ba ta san kowa ba. In na'ura ta tsaya, ko aka shiga yajin aiki, ko kuɗin da aka samu daga sayar da gona ya ƙare a mako na huɗu, shi ke nan. An kashe dukiya, ba a kashe cuta ba. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, amma tambayi mata goma a layin asibiti ka ji nawa suka taɓa jin labarinsa.

Jikin da ta iso da shi ma yana da nasa hukuncin. Macen da ta yi wata da watanni tana zubar da jini, ga haihuwa bakwai ko takwas a baya, ga abinci ba isasshe ba, jininta ya yi ƙasa, kuma gashi ba ya cin daji sosai a jikin da ba jini. In ƙarin ya danne hanyar fitsari, ƙoda ta kumbura, maganin jijiyar ma ba za a iya ba ta shi ba. Mai ɗauke da HIV kuwa haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata sau shida, kuma cutar takan yi mata sauri, shekara 5 zuwa 10 maimakon 15 zuwa 20. Ita wannan tana zuwa karɓar magani a kai a kai, tana hannun ma'aikatan lafiya. In aka bar ta ba a duba bakin mahaifarta ba, ban san wanda za a ɗora wa laifin makara ba in ba asibitin ba.

Za a ce mini ai an kawo riga-kafi. Haka ne, kuma abin a yaba ne. Ranar 24 ga Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, sau ɗaya tak, da Kano da Jigawa da Bauchi da Kebbi a zagayen farko. Masu jita-jitar hana haihuwa sun taso kamar yadda suka yi wa ta shan inna a 2003, kuma na fahimci inda tsoron ya samo asali, don mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a 1996 ba. Amma Ruwanda tun 2011 take yi wa 'ya'yanta wannan allura, Ostireliya ma tun 2007, har tana sa ran kawar da cutar nan da 2035. Duk uban da ke da 'ya a wannan shekarun, ya kai ta.

Sai dai allurar yarinya 'yar shekara goma sai bayan shekara ashirin za a ga amfaninta a ƙididdigar mace-mace. Uwarta mai shekara 38 ba ta cikin lissafin. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a Nuwamban 2020 ƙafa uku gare shi zuwa 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata riga-kafi, a duba kashi 70 na mata a shekara 35 a sake a 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da ciwo magani. Mun kama ƙafa ɗaya, wadda masu ba da tallafi suka fi son biya kuma ta fi kyau a hoto. Murhu kuwa ba ya zama da dutse ɗaya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙafa ta biyu ba ta da tsada. Matan nan suna zuwa awo, suna kawo yara riga-kafi, suna zuwa tsarin iyali. Suna shigowa ɗakin da ma'aikaciya mace take, su fita ba a duba su ba, saboda ba a koya wa ma'aikaciyar ba, ko an koya mata ba a ba ta fitila da ruwan khal da ƙarfen dubawa ba. Gwamnan da ke neman aikin da zai sa sunansa a allo zai fi son ginin cibiyar daji mai hawa uku. Ni da za a tambaye ni, zan ce ya fara da umarni ɗaya ga hukumar lafiya a matakin farko ta jiharsa: duk macen da ta zo da ƙorafin jini ko ruwa mai wari, kada a miƙa mata takardar magani sai an kwantar da ita an duba.