Goldback: zinariyar gaske ce, amma rabin kuɗin na ado ne

A shekarar 2019 wani kamfani a jihar Utah ta Amurka ya fito da takardar kuɗi mai suna Goldback. Ba gwamnati ce ta buga ta ba, babban bankin ƙasar kuma ba ruwansa da ita. A hannu kamar leda take mai ɗan tauri, tana walƙiya idan ka karkata ta ga haske, domin zinariya ce tsantsa, karat 24, aka shimfiɗa siririya tsakanin fallen roba biyu. Takardar Goldback 1 tana ɗauke da kashi ɗaya cikin 1,000 na oza, wato kusan giram 0.031. Ta 50 kuwa kashi ɗaya cikin 20 na oza ne a jikinta.

Zanen shi ne ke fara kama ido. Bayan Utah, an yi wa Nevada nata, sannan New Hampshire, Wyoming, South Dakota da Florida. A kowace takarda akwai mace da ke wakiltar wata ɗabi'a, gaskiya ko adalci ko 'yanci, an kewaye ta da tsaunuka da dabbobi da abubuwan tarihin jihar. Masu tara kayan tarihi suna bin su ɗaya bayan ɗaya har su haɗa jerin, suna adana su cikin kundi don kada su lanƙwashe.

Ban raina tunanin da ya haifi wannan abu ba. Tun da Shugaba Nixon ya raba dala da zinariya a 1971, akwai Amurkawan da ba su ƙara sakin jiki da kuɗin gwamnati ba, kuma tsadar kaya tana ƙara musu hujja. Utah ɗin ma ta yi doka a 2011 da ta amince da tsabar zinariya da azurfa da gwamnatin tarayya ta buga a matsayin kuɗin biya. Matsalar ita ce tsabar oza guda ta fi ƙarfin cefane, ba ka kai ta wurin mai burodi ka jira canji. Goldback ta gutsuttsura zinariyar har ta shiga aljihun talaka, kuma wannan dabara ce ta gaske.

Inda nake ja da masu tallar ta shi ne farashi. Ana sayar da takardar kusan ninki biyu na darajar zinariyar da ke cikinta. Rabin abin da ka biya ya tafi ga aikin ƙira da zane da ribar dillali. Duk macen da ta taɓa mayar da sarƙarta kasuwa ta san yadda abin yake: mai shago zai ɗora ta a kan sikeli ya biya nauyi, kuɗin aiki kuwa ya bi ruwa. Bambancin kawai, kuɗin aikin sarƙa bai cika kai rabi ba.

Suna amsawa da cewa ai ba don a narka aka yi ta ba, don a kashe ne, kuma kamfanin yana fitar da farashin canjinta da dala kowace rana. To, amma babu dokar da ta tilasta wa kowa karɓa. Shagon da ya ga dama ne ke karɓa, kuma yawancinsu a waɗannan jihohi suke. Ashe wancan rabi na biyu a kan yarda yake tsaye, yardar cewa gobe wani zai karɓa a farashin da ka saya. Wanda ya guji dala saboda ba ta da madogara sai yarda, ga shi ya sake jingina rabin dukiyarsa a kan yardar da ba ta kai ta dala faɗi ba.

Wanda zanen ya burge shi, ya saya ya more kallonsa, ba ni da ta cewa. Damuwata mai ƙaramin ƙarfi ne da ke neman inda zai ɓoye guminsa, musamman na nesa da Amurka da yake ganin tallar a intanet, inda kuma ake cakuɗa ta da takardun roba masu fentin ruwan gwal da ba su da ko ƙwayar zinariya. Kafin ya tura kuɗi, ya tambayi mai sayarwa nawa zai saye ta idan aka dawo masa da ita yau da yamma.