Ƙara wuta ba ya gyara yankan leza

A shagunan allunan talla na Aboabo da Asawase a Kumasi, da zarar yankan leza, injin da ke yanka da haske, ya ƙi ratsawa sai ka ji maigida ya ce wa yaronsa: "Ƙara mata wuta!" An ɗauka ƙarfi ne ya gaza. Sau da yawa ba shi ba ne.

Leza ƙonawa take yi, ba ta ci kamar zarto. In ka ƙara wuta a kan falayi, wato katakon da aka manna falle-falle, mai kaurin milimita 3 zai yanku, amma bakinsa zai fito baƙi ƙirin, ka shafa yatsa ya kwaso gawayi. Katako iska mai ƙarfi yake so daga bakin injin ta kore hayaƙi, a kuma manna masa tef ɗin takarda kada ya yi tabo. Akirilik kuwa, robar nan mai kama da gilashi, iska kaɗan da tafiya a hankali, bakin ya narke ya daskare yana sheƙi. Yawan iska ke dusashe shi.

Kafin a taɓa wuta, a auna tazarar bakin injin da kayan, domin a ɗigo ɗaya hasken ke haɗuwa. A goge gilashin da ke tattara hasken, wanda ƙurar hunturu ba ta raga masa. In ya yi datti aka ƙara wuta, yana iya tsagewa.

Robar PVC dai, irin ta ƙyallen talla (bana) da ledar kujera, kada ma a sa ta a injin. Hayaƙinta na ɗauke da sinadarin kulorin, yana cutar da huhu, yana sa ƙarfen injin tsatsa.