Ɗan sandan Jibiya ba zai iya tsare iyaka shi kaɗai ba

Iyakar Najeriya da Nijar ta kai kusan kilomita 1,500, kuma galibinta daji ne da gonaki. Mai fataucin bindiga ko Tramadol ba ya bi ta ƙofar Jibiya ko Illela, babur yake hawa ya ratsa burtali. Ɓarawon shanu ya kora garke daga Katsina, kafin gari ya waye yana dajin Baban Rafi a jihar Maraɗi. Ɗan sandan da ya biyo sawu kuwa, ikonsa a bakin iyaka ya ƙare.

To me muke yi? Shinge muke ƙarawa a kan kwalta. Wanda ya san hanyar Katsina zuwa Jibiya ya san yawansu, ya kuma san direba da mai buhun gero ne ke shan tsaiko, ba mai AK-47 ba. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Shinkafa ta yi tsada, garkuwa da mutane kuwa ba ta tsaya ba.

A ganina, matsalar ta fi ƙarfin rashin motoci da harsasai. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ta tarayya. Sai a turo jami'i daga nesa, bai san dagaci ba, bai san wace kasuwa ake kai shanun sata ba. Yana fara gane gari a ɗauke shi. Wannan giɓin ne ya sa Gwamna Dikko Raɗɗa ya kafa dakarun sa-kai na jihar Katsina a 2023, Zamfara ta biyo da Askarawa a 2024. Sun san daji, amma su ma ba su da hurumi a tsallake.

A 2019 gwamnonin Katsina, Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun ƙulla yarjejeniyar tsaro da takwaransu. Hanya ke nan. Sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya zo, takunkumin ECOWAS ya biyo baya, dangantaka ta yi tsami, 'yan bindigar Lakurawa kuma suna ta kafa gindi a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato.

Wani zai ce wannan aikin soja ne. Soja na iya tarwatsa sansani, amma wa zai bi diddigin mai kai fetur da burodi daji, da dillalin da ke karɓar kuɗin fansa, har ya tsayar da hujja a kotu? Ɗan sanda ne.

Don haka kada a jira Abuja da Yamai su shirya. A ba DPO na Jibiya izinin kiran jandarman Ɗan Isa da ke tsallaken Nijar kai tsaye, na Illela ya kira na Birnin Ƙonni, su riƙa zama duk wata tare da hakimai da sarakunan fawa. A kuma rage shingayen kwalta, a maida jami'an burtali.