Kartar tsofaffin Ingila da canjin 'yar talla

Wata tsohuwar Baturiya da muke maƙwabtaka a Leeds ce ta koya wa ɗana karta, ban da labari sai da na ji shi yana ta "sha biyar, maki biyu" a ɗaki. Raina ya ɓaci. Mu da muka tashi in aka ga karta a aljihunka sai bulala, don kowa ya san ƙarshenta caca a bayan tasha.

Sai na je na ga wasan da idona. Cribbage suke ce masa, tun ƙarni na 17 ake yin sa, ana jingina shi ga wani mawaƙi, Sir John Suckling. Mutum biyu ne, a raba wa kowa kati shida, ya ware biyu gefe. Daga nan a riƙa ajiyewa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ajiye ya faɗi jimilla da baki, kuma ba a yarda ta wuce 31. Wanda ya cika 15 cif ya ci maki biyu. Masu hoton sarki da sarauniya goma-goma ne. Makin ma ba rubutawa ake ba, wani ɗan katako ne mai jerin huda, ana matsar da tsinke a kansa har wani ya kai 121. Tsohuwar ko tabarau ba ta gyarawa, kallo ɗaya take yi wa bakwai da takwas ta matsar da tsinkenta.

Yaron ya ƙaru, wannan ban musa ba. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da ta ce, cikin tausayi, ai da muna da irin wannan a Afirka da yaranmu sun iya lissafi. Haba Baba! Ta taɓa ganin 'yar talla ta ba da canji? Ka sayi gyaɗar ɗari da hamsin, ka miƙa dubu, wani na mata ciniki ta gefe, faranti a ka, amma ko naira ba za ta ɓace mata ba. Ba kare talla nake ba, aji ya kamata a ce tana. Sai dai ita in ta yi kuskure ba tsinke ake mayarwa baya ba, uwa ce ke jiranta a gida.

Nan kuwa yaro ba a aikensa. Komai katin banki ake dangwalawa a na'ura a wuce. Ɗana bai taɓa dawowa da canji ba daidai ba a ce maza koma. Hutun bana wajen Hajiya zan kai shi Kano, ta riƙa aikensa sayen manja da daddawa, ko uwarsa ta yarda ko kada ta yarda.